Ranar da Aka Haifi Ɗanmulki

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Habu, na san abin da ake faɗa a bayan idona. Ana cewa na ɗauki tsohuwa mai ciwo na ɗora a amalanke tsakiyar damina, na tsallaka da ita iyakar da gwamnati ta rufe, na kai ta inda babu asibiti, ta rasu a can, aka binne ta sauran 'ya'yanta ba su ga gawarta ba. Duk wannan ya faru, babu ƙage a ciki. Abin da ba a faɗa muku shi ne abin da ya kai mu, ni da ita. Ni kaina na daɗe kafin na iya jera shi a raina, kuma har yau akwai inda in na zo sai in tsaya in yi ta kame-kame. Zan ba ku shi yadda ya same ni.

Sunana na yanka Sa'idu, amma in baƙo ya shigo Babura ya ce Malam Sa'idu yake nema, sai a wuni ana yawo da shi. Ya ce Ɗanmulki, yanzu a nuna masa ƙofar gidan nan. Na tashi na tarar ana cewa an haife ni ranar da Najeriya ta sami mulkin kai, ɗaya ga Oktoba ta alif ɗari tara da sittin. Mai riƙe da labarin ita ce Goggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye ta raine ni a ɗakinta. Ba ta gajiya da ba da shi, ni kuwa ba na gajiya da ji.

"Ranar an kayar da shanu a ƙofar hakimi," in ji ta, "an dafa shinkafa har da ta zubarwa. 'Yan makaranta kowa da kofinsa sabo da 'yar tuta a hannu. Mu mata muna leƙe ta katanga, ana ta cewa Bature zai tafi. Muka ce ina za shi? Mu da ba mu ga zuwansa ba, in ban da Di'o, Baturen mulki, in ya biyo rangadi. Ganga na tashi, gari ya rikice, sai ga ka!"

A nan take tsayawa kullum, a kan "sai ga ka". Na ji wannan kalma tun ina zama a cinyarta har na yi gemu, ban taɓa tambayar daga ina aka gan ni ba.

A kan wannan labari na gina rayuwata, ban ɓoye muku ba. Ranar da aka kai ni makaranta hedimasta ya ji sunan da ake kirana da shi, bai tambayi kowa ba ya ce to an hutar da shi neman ranar haihuwa. Duk shekara in an fita fareti ni ne a gaba riƙe da tuta, ko da akwai waɗanda suka fi ni tsawo da iya taku. Da na zama malami kuwa abin ya zama nawa na kaina. A Roni, a Gwiwa, a nan gida, duk inda aka tura ni, da Satumba ta kama sai hedimasta ya miƙo mini usur ba sai an yi shawara ba. In tara yara da rana tsaka ina hagu, dama, hagu, dama, har muryata ta dishe. In sun gaji in zaunar da su a inuwa in ba su tarihi: yadda Turawan Ingila suka ci ƙasar nan, yadda manyanmu suka yi ta kai da kawowa ana zaman shawara, yadda aka sauke tutar Bature a Ikko aka ɗaga kore da fari da kore. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa tsayawa a gefen fili yana saurare, ya ji na ce ranar 'yancin kai. Da na koma gida ya kira ni zaure.

"Wane ne bawan?" ya ce. "Bawa ake 'yantawa. Mu mulki aka mayar mana. Ka ce mulkin kai, yadda aka ce ranar."

Na ce rediyo ma 'yanci take cewa. Ya ce rediyo ba ta san ubanta ba.

Ina da wata magana da nake rufe darasi da ita, wadda duk wanda na koyar zai iya maimaita muku ita yau. Nakan bugi ƙirji in ce, ni da Najeriya tagwaye ne, rana ɗaya muka faɗo. Mutanen gari suka ɗauka suka mai da ita abin tsiya. Ita ce Hassana, ni ne Usaini. In man fetur ya tashi, ko albashi ya maƙale, sai in ji daga rumfar mai shayi, "Ɗanmulki, ya jikin Hassana?" In ce da sauƙi, a ci gaba da addu'a. Da bikin ya fara lalacewa, aka daina yanka, aka daina raba ko da alewa, aka koma sai jawabi a rediyo mutane na gona abinsu, na fi kowa jin ciwo. Ji nake kamar bikin gidanmu ne aka ƙi zuwa.

Yanzu sai maganar Inna, kakarku. Ita ba 'yar Babura ba ce. Daga Dogon Gawo aka auro ta, wani ƙauye a ƙasar Magarya, cikin Nijar, wanda da ƙafa ma ana zuwa a yini a dawo. Ni ne ɗanta na fari, ku kuma yaran yanzu da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna cillawa sama a gaban surukai ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, na yanka ko na tsiya. "Wancan" nake, in ta matsu ta ce "mai gidan gabas". In na shiga gaishe ta, amsawa take tana kallon wani wuri. In na yi ciwo, sai dai ta aiko Ladi, ƙanwarmu, da kunu, a ce wai Ladi ce ta dama. Baba ma haka, maganar haihuwata ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, kowa ya san kunya ce, amma ba zan ce muku bai taɓa yi mini zafi ba. Ya yi, musamman in na ga tana wasa da Habu.

Tana da wata al'ada da duk gidan muke yi wa dariya. Mutanen Nijar ranar mulkin kansu uku ga Agusta ce, tsakiyar marka, kuma daga baya gwamnatinsu ta mai da ita ranar dashen itatuwa. Tun da Inna ta ji haka a rediyon Damagaram, ba ta sake bari shekara ta wuce ta ba. Da ranar ta zo za ta ɗauki fartanya da ɗan tsironta, dalbejiya ko zogale ko mangwaro, ta nufi bayan gida ko bakin gona. Baba ya leƙo ya ce, "To, Faransa ta motsa." Ita kuwa ta ce, "Mu a can ba shinkafa ake ci ba, icce ake dasawa." Ni da nake taƙama da fareti da usur, raina abin nake yi. Ina cewa a raina wace irin ƙasa ce za ta yi bikin mulki da fartanya.

Shekarar da abin ya juye ita ce shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka. Na riga na yi ritaya, Baba da Goggo Tabawa duk sun daɗe da rasuwa. Inna ta kwanta tun bazara, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Da ruwa ya sauka, kafin a fara rigimar sojoji, ƙaninta Kawu Manu ya zo daga Dogon Gawo duba ta. Shi Mushe yake ce mini, yadda suke kiran malamin makaranta a can. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, sai ke Hafsatu, da bakinki ba ya zama, kika kawo masa fura kika tambaye shi ko da gaske ne ranar mulki aka haife ni.

"Ƙwarai kuwa," in ji Kawu. "Ai ni aka aika kiran ungozoma. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, gero ko kai bai fitar ba. Maza duk sun tafi Magarya kallon kwamanda, Baturen da ke mulkinmu, zai sauke tutarsu, ni kaɗai ne namiji a gidan, ga ni ɗan yaro."

Na yi dariya na ce, "Kawu, tsufa ya zo. Babura dai. Kuma a Oktoba wane gero ne bai fid da kai ba? Ai an yanke shi."

Ya ajiye ludayi ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Wace Babura, Mushe? Haihuwar fari a gidan miji? A ina ka taɓa ji?"

Wallahi ji na yi kamar an janye tabarmar da nake kai. Ni da na mai da uwarku gidan iyayenta lokacin cikin farko. Ni da na ɗauko Hafsatu daga gidan mijinta na kawo ta nan ta haihu ta yi wanka. Abin da kowane mai tallan goro ya sani, na yi shekara sittin da ɗoriya ban taɓa ɗora shi a kaina ba. In Inna gida ta je haihuwa, to a Dogon Gawo aka haife ni. In a Dogon Gawo ne, mulkin da suke nufi na Faransa ne. To shinkafar Goggo fa, da kofi, da 'yar tuta? Ƙarya ta yi mini? Goggo Tabawa ba ta ƙarya, ko a ciniki.

Na shiga bin tsofaffi gida gida kamar mai neman maganin ciwo. Na fara da Alhaji Ɗanladi tela, aminin Baba, wanda ido ya tafi amma baki yana nan.

"Na ci shinkafar mulki," ya ce, "na kuma ci goron sunanka. Amma ko rana ɗaya ce ko wata ɗaya, ɗana, ciki ba ya riƙe kwanan wata."

Daga nan aka tura ni wurin wata tsohuwa mai ƙosai a bakin tasha, ita ma daga wajen Magarya aka auro ta, aka ce ta san gidan su Inna. Ita ta ƙarasa rikita ni.

"Bikin mulki? Ai da ɗari ake yi. Da bargo muka je kallo, ina tunawa. In ranar mulki aka haife ka, to ɗan sanyi ne kai, ba ɗan marka ba."

Na koma gida na bincika, sai na tarar ita ma ba ta yi ƙarya ba. Mutanen Nijar suna da wata ranar a Disamba, ranar da suka zama jamhuriya, shekara biyu kafin Faransa ta sake su gaba ɗaya, kuma ita ma biki ake yi mata babba. Ke nan mulki ya zama uku. Ina cikin wannan sai na tuna mu ma Najeriya ranar ɗaya ga Oktoba muka zama jamhuriya, shekara uku bayan tafiyar Bature, abin da ni da bakina na koya wa yara. Na zauna a zaure ina lissafi da yatsu. Ta wata hanyar na girmi kaina da shekara biyu, ta wata kuma na zama ƙanin kaina da uku. Uwarku Binta ta leƙo ta gan ni, maimakon ta tausaya sai ta ce, "To Usaini, ashe Hassanar taka ba uwarku ɗaya ba." Da ta ga ban yi dariya ba ta zauna kusa da ni, can ta ce anya itatuwan nan da Inna take dasawa don gwamnatin Nijar take yi? Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ban so in ji ba, kaina ya riga ya cika.

Kada ku ɗauka takarda nake jin tsoro, ko wani ya ce ni ba ɗan ƙasa ba ne. Ubana ɗan Babura ne, kakana ma haka, ba mai kore ni. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yaran da na tsayar a rana shekara da shekaru ina buga musu ƙirji. In ba ranar aka haife ni ba, to wane ne Ɗanmulki? Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san amsar, tana kwance a ɗakin da ke bayan nawa, kuma ita ce mutum ɗaya da ba za ta taɓa yi mini wannan magana ba.

Duk da haka na gwada. Na shiga da safe, Ladi na shafa mata mai a ƙafa. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, ruwan bana, farashin taki, Kawu ya isa lafiya. Daga ƙarshe na runtse ido na ce, "Inna, Kawu ya ce wai a Dogon Gawo…" Ban ƙarasa ba ta juya ta fuskanci bango.

"Ladi," ta ce, "wancan ba shi da gona ne? Rana ta yi."

Ba a jima ba sojoji suka yi abin da suka yi, aka rufe iyaka, motocin hatsi suka yi layi a bakin hanya, sefa ta yi wuyar gani a kasuwa, ana ta raɗe-raɗin za a yi yaƙi. Ranar uku ga Agusta rediyon Damagaram ba maganar itace, sai kiɗan soja da jawabi. Inna ta sa aka kawo mata fartanya, ta riƙe, ta kasa tashi. Hafsatu ce ta dasa mata. Bayan 'yan kwanaki ina tsaye a ƙofar ɗakin, ta san ina tsaye, ta ce wa Ladi da ƙarfi yadda zan ji:

"Gida nake so. A kai ni gida."

Muka zauna a zaure mu uku. Habu ya ce ba inda za ta, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A nan akwai asibiti, in ya ƙi a wuce Kazaure, shi ke sayen magani, can kuwa sai ɗan ɗakin shan magani da ba kullum ake buɗewa ba. Hanya a rufe, damina ta yi nisa, ga maganar yaƙi. Ladi tana kuka ta ce maganar mai ciwo ce, gobe za ta manta. Na ce ba za ta manta ba, tun da muke da Inna ba ta taɓa roƙon komai a gabana ba sai yau. Habu ya daɗe yana kallona.

"Yaya," ya ce, "tsakaninka da Allah. Don ita za ka kai ta, ko don ka ji ranar da aka haife ka?"

Ya ɗauka rashin gaskiya ne ya rufe mini baki. Ni kuwa ban sani ba ne, kuma yau ɗin nan in aka ba ni Alƙur'ani aka ce in zaɓi ɗaya, ba zan iya ba. Na dai san ni ne babba, na ce za a kai ta. Habu ya kaɗe rigarsa ya fita.

Na yi wa Kawu waya, ya turo ɗansa Illiya da amalanken shanu ta burtali, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki, wadda ba ta san an rufe iyaka ba. Muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da ita, muka kafa mata inuwa da zane, muka tashi da sassafe. Ni da na yi rayuwata ina zana taswirar Najeriya a allo, ban taɓa bin wannan hanyar ba, kullum ta titi nake bi a buga mini hatimi. Na yi ta tambayar Illiya ko mun shiga, yana cewa da saura. Can na sake tambaya, ya ce ai mun wuce tun ɗazu, ya nuna mini wani guntun ƙarfe a bayanmu cikin gero, wanda suke kira tangaraho, wani ya ɗaure akuya a jikinsa. Gero ɗaya ne gaba da baya. Mai gonar ma, in ji Illiya, mutum ɗaya ne. Kafin mu isa hadari ya taso, ruwa ya same mu a fili. Na cire babbar rigata na rufa mata, amma ta jiƙe.

Kwanakin farko sai ta warware kamar ba ita ba. Ta ci tuwo, ta zauna, tsofaffin ƙawaye suka yi ta zuwa ana tuna waɗanda suka mutu ana dariya. Na yi wa Habu waya in gaya masa, bai ɗauka ba. Daga baya sanyin nan na hanya ya sauka mata a ƙirji, tari ya kama ta, abin ya yi ta gaba. Na ce mu koma, ta ce wa matar Illiya a gaya wa wancan ba inda za ta. Na zauna tare da ita ban dawo ba. Ta rasu da hantsi ana ɗaurin gero, aka yi mata sutura kafin azahar, aka kwantar da ita kusa da iyayenta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Habu da Ladi sun iso a kan babur ana dawowa daga maƙabarta. Habu ya karɓi gaisuwar kowa, ban da tawa. Tun daga ranar bai sake taka zauren nan ba, in mun haɗu a masallaci sai dai musabaha ta yatsu. Ladi tana gaishe ni, amma tuwon sallarta ya daina zuwa gidan nan. Ban ce sun zalunce ni ba. Uwarsu ce, kuma da ta zauna a Babura wataƙila da ta ƙara ganin wata daminar. Ku dai yara kada ku gaji wannan, ku ci gaba da shiga gidajen juna.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba, ko uwarku, domin ba na jin Inna za ta so a ji. Na rubuta ne don na ga in na tafi da shi, abin da zai rage muku sai maganar amalanke.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, tari ya ɗan lafa mata, ta sa aka fito da ita aka kai ta can ƙarshen gidan, inda babu gini sai rama da kuɓewa da aka shuka. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ta sallami matan ɗaya bayan ɗaya, wannan ta je ta duba tukunya, waccan ta je ta ɗebo ruwa. Na yunƙura ni ma zan tashi, sai ta ɗan buga tabarmar da tafin hannu. Na koma na zauna. Ba ta dube ni ba, ramar take kallo.

"Da akwai ɗaki a nan," ta ce. "Wata yarinya ta taɓa haihuwa a ciki."

Da na ga ba ta ci gaba ba na ce, "Ranar wane mulkin, Inna?"

"Ita ina ta sani? Tana fama da kanta. Ruwa ake yi, ta ji ganga daga nesa, aka ce wai Faransa ta tafi."

Ta yi tari, ta huta.

"Ɗakin kakarta ne, tsohuwar kuma makauniya ce. In an gama wanka mata sun fita, ba mai ganin ta. Sai ta wuni tana kallon sa. Ta buɗe hannunsa ta duba, ta rufe. Ta kira sunansa yadda ta ga dama, tsohuwa na jin ta ba ta cewa komai. Da aka yanke gero aka rako ta gidan miji. Suna shiga Babura sai ganga kuma, ana rabon shinkafa, wai Ingilishi ma ya tafi. A zaure yayar mijin ta kwance shi daga bayanta, ta ɗaga shi sama tana guɗa, tana ga ɗan mulki, ga ɗan mulki. Daga ranar in za ta ba shi nono sai ta kau da kai."

Ya kamata in yi shiru, na sani. Amma malamin makaranta ne ni, kaina a ɗaure yake, kuma na yi wata da watanni ina neman amsa guda ɗaya da zan riƙe. Na ce, "To Inna, wacce ce tawa? Ta can ko ta nan?"

"Ka ɗauki wadda ka ga dama," ta ce, "duk na gwamnati ne. Kwanakin da ke tsakani dai nawa ne, ni kaɗai."

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Tsohuwa mai shekara tamanin, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya, ta ce in kira matar Illiya ta mai da ita ɗaki, sanyi take ji.

Ban tashi na kira ta ba. Ita ma ba ta sake cewa in kira ba.